Ƙwayar Ruwan Da Ta Kora

Da hannu biyu ta riƙo kwalbar, duk da ba ta fi ɗan yatsa tsawo ba, ta ture ƙofar ɗakin haɗa sinadarai da kafaɗa ta fito baranda. A cibiyar tasu haka ake yi, duk wanda ya zana magani a kwamfuta shi zai ɗauke shi da hannunsa ya kai ɗakin awo, ba ya aike. Wai don in abin ya yi kyau a san wanda za a yi wa barka, in ya watse kuma a san wanda za a harara. Ita kam ko a jikinta. Tafiya take tana gaisawa da mutane tana ɗaga musu kwalbar, sai ka ce an riga an gama awon an ba ta gaskiya.

Mai Ruwa ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. A irin aikinsu, idan mutum ya buɗe hoton furotin, wato ɗan sinadarin jikin halitta da magani ke kamawa, a kwamfuta, abin da zai fara yi shi ne ya goge ƙwayoyin ruwan da ke manne a jikinsa, don na'ura ta samu sauƙin lissafi. Haka aka koya wa kowa, maɓalli ɗaya ne ka danna ka wuce. Ita ta ce atafau ba za ta goge ba. Ta ce a nuna mata inda furotin yake zaune a bushe a jikin ɗan'adam, in an nuna mata ta goge. Ta dinga bin ƙwayoyin ruwan nan ɗaya bayan ɗaya, har ta san wacce ke zaune lafiya da wacce ke a takure. Abokan aiki suka sa ta a gaba, in ta shigo ɗakin shayi sai wani ya tambaye ta ko ta ajiye jarkokin a waje. Sunan ya bi ta, ita kuwa ta rubuta shi da manyan baƙaƙe ta liƙa a ƙofar ofishinta.

Aikin da ta daɗe tana kai na wata cuta ne da ta daina jin tsofaffin magunguna. Ƙwayar cutar tana da wani furotin da ba ta rayuwa sai da shi, a jikin furotin ɗin kuma akwai ɗan kogo, wanda in magani ya shiga ya toshe shi cutar ta gama yawo. A can ƙuryar kogon Mai Ruwa ta gano ƙwayar ruwa guda tilo da ta maƙale, bango ta ko'ina maiƙo, babu abin da za ta kama. Lissafinta ya nuna ruwan nan hanyar fita yake nema. Duk maganin da ya zo da hannun da zai ture shi ya zauna a gurbinsa, furotin zai riƙe shi ya ƙi saki. Sai ta zana wa maganinta hannu, dogo, mai maiƙo, daidai ƙuryar.

Wanda ya haɗa shi Baba ne, tsohon mai haɗa sinadarai na cibiyar, wanda ƙarshen shekarar nan zai ajiye aiki. Ranar da ta kai masa zanen, ta saman tabarau ya dube shi, ya ce wannan ai kitse ta zana, ba magani ba. Ta juyo masa da allon kwamfuta, ta yi ta zuba masa hotuna da alƙaluma har shayinsa ya huce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai an ce ya haɗa, zai haɗa. Watanni ya yi a kai, sau biyu abin yana lalacewa a hanya yana komawa farko, har ya samu wannan ɗan farin garin da ke ƙasan kwalba.

Yau da yamma Shugaban cibiyar zai zauna a kan maganar. Ko dai a ce Baba ya yi babban haɗi a gwada a jikin ɓeraye, ko a rufe aikin a ba wani sashen babbar na'urar lissafi, da ma sun daɗe suna zuba mata ido. Kowa a ginin ya san da haka, shi ya sa ake leƙowa ana kallon kwalbar.

A ɗakin awo, Mai Awo ta karɓa ba tare da ta ɗago ba. Mace ce da ba ta ɓarnar magana, in ta ce maka ina kwana ta gama hirar safe. Ta ɗebi garin a bakin ƙaramin cokali, ta narkar da shi a ruwan sinadari mai ƙarfi, ta ɗiga kaɗan a ruwan gishiri irin na jikin mutum, ta tsinka shi, ta sake tsinkawa, ta jera a faranti mai ƙananan ramuka da aka zuba wa furotin ɗin, ta tura cikin na'ura. Mai Ruwa ta yi ta safa da marwa a bayanta har sai da aka ce mata ko ta zauna ko ta fita. Ta zauna a bakin kujera tana kaɗa ƙafa.

Da layin ya fara fitowa a allo, tsaye ta miƙe. Maganin ya kama furotin kamun da ba su taɓa ganin irinsa a ginin nan ba. Mai Awo ta ce kada a yi gaggawa, ta maimaita. Layi na biyu ya hau kan na farko. Lambar da ta fito kuwa kusan ita ce wadda Mai Ruwa ta rubuta a allon ofishinta tun kafin Baba ya kunna wuta. Daɗi ya kama ta, irin wanda ke sa mutum ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ta rungume Mai Awo, wadda ta tsaya ƙiƙam da safar hannu a sama tana cewa a kula da faranti.

A baranda ta kira Ummanta. Ta yi mata bayani yadda za ta gane, ta ce ruwan nan da take ba ta labari an kore shi, magani ya zauna daram. Umma ta yi hamdala, ta sa albarka, sannan ta tambaya ko yana yi wa ciwon gwiwa. Da aka ce mata a'a, sai ta ce to yaushe za a sa shi a kanti. Mai Ruwa ta yi dariya ta ce da saura. Umma ta ce ita dai tun tana ƙarama in aka ba ta wanke-wanke sai a tarar ta zuba wa bokiti ido, ashe abin da ake nufi ke nan. Ta ƙara da cewa in ta taso ta biya kemis ta sayo mata na shafawa, tunda na 'yarta bai iso ba.

Tana sa wayar a aljihu Mai Awo ta leƙo ta yafuto ta.

A kan tebur akwai siririyar kwalbar gwaji a tsaye. Mai Awo ta ce ba a sa ta ba, ita ce dai ta ga garin yana mannewa a cokali, hankalinta bai kwanta ba. Sai ta zuba gwargwadon abin da za a ba ɓera a ruwan gishirin, ba tsinkakke irin na farantin ba. Ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Suna kallo farin ya fara sauka, ya taru a ƙasa, saman ya washe. Mai Awo ta ce ta riga ta girgiza, ta ɗumama, ta sauya tsamin ruwan, duk bai motsa ba.

"Yana kamawa, wannan ba ƙarya," in ji Mai Awo. "Amma sai ya narke zai isa wurin. Wannan yadda ɓera ya haɗiye shi haka zai fitar da shi."

Kunya ce ta fara kama Mai Ruwa kafin baƙin ciki. Ita da ake kira Mai Ruwa, ita da ta hana kowa sakat a kan ruwa, ta zauna ta ƙididdige ƙwaya ɗaya a cikin kogo ta manta da duk ruwan da magani zai ratsa kafin ya kai bakin kogon. Hannun da ta zana don ya kori ruwa bai san na kogo da na ciki ba, duk wanda ya gani ƙinsa yake. Kwamfutar ma ta taɓa nuna mata alamar gargaɗi a kan narkewa, ta gani da idonta, ta ce za a ji da wannan daga baya.

Mai Awo ta cire safar hannu tana cewa zaman yau a kan ƙarfin kamu ne kawai, shi aka ce ta auna, shi za ta aika. Abin da ta gani a kwalbar za ta sa a rahotonta, amma rahoto sai ƙarshen wata yake hawa sama, ita kuma ba ta shiga zaman. Mai Ruwa ta toshe bakin kwalbar ta jefa a aljihun farar rigarta.

Kai tsaye ɗakin Baba ta nufa, ta shirya tsaf. Ta san zai ce ai ya faɗa mata, ta kuma tanadi amsa: ta ce gaskiyarsa ce, a wuce wurin. Ta same shi a gaban akwatin zuƙe hayaƙi yana goge gilashi. Labarin lambar ya riga ta isowa, fuskarsa a sake take yadda ba ta saba gani ba. Ta ajiye kwalbar a gabansa. Ya dube ta sau ɗaya, bai ko ɗauka ba, ya ci gaba da gugarsa.

"Baba, ka sani," ta ce.

Ya ce tun ranar da ya tace garin. Ya zuba masa ruwa don ya wanke, ruwan ya bi ta kansa ya wuce kamar an zuba a kan leda. Ta tambaye shi me ya hana ya faɗa mata. Maimakon ya amsa sai ya je ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna a kan doguwar kujerarsa.

"'Yar nan, ki faɗi lambar ki yi shiru. Ba ƙarya za ki yi ba. Abin da aka tambaye ki za ki amsa."

Ya nuna mata firjin da ke kusurwa, ya ce ta san abin da ke ciki. Duk abin da ya haɗa tun yana saurayi a ƙananan kwalabe ya ƙare, an auna, an ce bai yi ba, an rubuta lamba an ajiye. Ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa ya yi babban haɗi ba. Jikokinsa in suka shiga kemis da shi sai su tambaye shi wanne ne nasa, shi kuma ya ce nasa yana hanya. Ya ce ba ya neman sunansa a jikin kwali, ya san wannan ya wuce shi. So yake kawai ya ga abu ɗaya da ya fito daga hannunsa ya bar ginin nan kafin shi ya bar shi. Wa ya sani, wataƙila masu sarrafawa su niƙa shi, su kwaɓa da mai, ana dacewa wani lokacin.

Ta ce ba irin wannan ba, Baba. Ya ce ya sani.

Tausayinsa ya kama ta. Faɗa ta zo a yi mata, faɗa kuwa ba ya ba ta tsoro. Wannan roƙon ne ba ta tanadar masa komai ba. Kuma ga shi abin da yake so shi ne abin da zai ceci aikinta: in ta yi shiru, yau za a sa hannu, na'ura ta ci gaba da zama tata, kafin asiri ya tonu a jikin ɓeraye ta samu watanni. Ta ɗauki kwalbar ta fita ba ta ce masa e ko a'a ba.

A ofis ta rufe ƙofa ta buɗe hoton. Ta juya furotin ɗin, ta shiga kogon, ta cire hannun nan mai maiƙo. Sannan ta mayar da ƙwayar ruwan gurbinta, 'yar ja da fararen kunnuwa biyu kamar yadda kwamfuta ke nuna ta, ta zuba mata ido. Shekara da shekaru tana kallonta a matsayin wadda za a kora. To in a takure take don ba ta da abin kamawa, me zai hana a ba ta? Ta zana gajeren hannu, irin mai son ruwa, ta miƙa shi har ya taɓa ƙwayar. Ruwan ya riƙe magani da kunne ɗaya, ya riƙe bangon kogo da ɗayan. Lissafin gaggawa ya nuna kamun ba zai kai na farko ba, amma zai isa, kuma wannan zai narke. Ta ji ƙarfin gwiwarta yana dawowa, don ita ba ta iya daɗewa a ƙasa ba. Sai da ta dubi yadda za a haɗa shi murnar ta rage. Daga tushe za a faro, hanya ce doguwa, ko Baba ya fara gobe ba za a ga ƙarshenta a bana ba.

A ɗakin taro Shugaba ya zauna a gaban tebur, shugaban ɗaya sashen yana gefe yana wasa da biro. Baba ya sa sabuwar riga, ko kuwa ya cire farar ce aka ga ta ciki. Mai Ruwa ta haska layukan biyu a bango, ta ɗora lambar da ta yi hasashe kusa da wadda aka auna. Shugaba mutum ne mai son lamba mai kyau, don shi ke zuwa ya tsaya gaban masu ɗaukar nauyin cibiyar. Ya bugi tebur da tafin hannu, ya ce daga yau duk wanda ya sake goge ruwa a ginin nan shi da shi ne. Aka yi dariya, har mai biron ya yi yaƙe. Sai Shugaba ya juya ga Baba ya tambaye shi yaushe zai iya fara babban haɗi.

Baba ya gyara zama zai yi magana. Mai Ruwa ta sa hannu a aljihu ta fito da kwalbar, ta girgiza ta sau ɗaya, ta ajiye a tsakiyar tebur.

"Ranka ya daɗe, kada a yi babban haɗin. Ba ya narkewa."

Kowa ya zuba wa kwalbar ido, farin yana sauka a hankali. Ran Shugaba ya ɓaci, ya tambaya ko wasa ake yi da shi, a nuna masa lamba irin wannan sannan a ajiye masa wannan. Ta ce lissafinta na cikin kogo daidai ne, ga shaida a bango, babu wanda zai ƙaryata. Ruwan waje ne ta yi wa sakaci, an kuma faɗa mata tun farko ta ƙi ji, laifin nata ne ita kaɗai. Ta haska sabon zanen, ta nuna gajeren hannun da ruwan da aka bari a wurinsa. Ta ce hanyar da ta faɗi lambar yau tun kafin a auna ita ce ta ce wannan zai yi, saboda haka a ba ta dama ɗaya. Duk wannan bayanin ba ta yarda ta dubi inda Baba yake ba.

Mai biron ya yi gyaran murya ya tuna wa Shugaba alkawarin na'ura. Shugaba ya daɗe yana murza goshi. A ƙarshe ya ce babu babban haɗi, na'ura za a raba ta biyu, Mai Ruwa kuma tana da sinadari ɗaya tak, in bai yi ba kada ma ta zo ofishinsa. Wannan ma sai in akwai wanda ya yarda zai haɗa, don shi ba zai tilasta wa dattijo ya fara abin da an riga an wahalar da shi a kan irinsa ba. Ya dubi Baba. Baba ya ninke tabarau ya sa a aljihu, ya tashi ya fita.

Ta bari sai da baranda ta yi shiru sannan ta bi shi. Ƙofar a buɗe take. A kan teburinsa akwai wata ƙatuwar kwalbar haɗi da ba ta taɓa gani ba, mai faɗin ciki, an wanke ta tas, ko gama bushewa ba ta yi ba. Yana naɗe ta da tsohuwar jarida yana mayarwa cikin kwali. Nan ta gane tun da rana ya sauko da ita. Idonta ya ciko.

Ta ce ya yi haƙuri. Ya ce ta riƙe masa kujera. Ta riƙe, ya hau a hankali, ya tura kwalin saman kabad har ƙurya, ya sauko yana haki. Ya karkaɗe hannuwansa ya miƙo mata ɗaya. Ta ɗauka gaisawa zai yi, sai ya ce zanen.

Ya mayar da tabarau, ya daɗe yana dubawa, yana bin gajeren hannun da farce. Ya ce wannan kam zai narke. Ya ce amma ta san ba zai gama shi ba kafin ya tafi. Ta ce ta sani.

Ya ɗauki alƙalamin allo ya tsaya gaban gilashin akwatin zuƙe hayaƙi, inda ya saba tsara matakan haɗi da wani irin rubutu da babu mai karanta shi sai shi. Ya fara rubuta matakin farko da manyan baƙaƙe, a rarrabe, yana tsayawa yana gyara wanda bai fita ba. Ta ce Baba yau kuma rubutun ya sauya.

"Wanda zai ƙarasa bai san hannuna ba," ya ce. "Matso, karanto min abin da ke biye."

Ta jawo kujera ta zauna, ta karanto masa.